TARIHIN TSOHUWAR BINDIGAR SOJI MAI SAKATA

Tarihin da za mu duba a wannan fitowa na wani ƙarfe ne wanda tsofaffinmu sunka sani sarai, yaran yanzu kuwa sai dai a hoto. Ita ce tsohuwar bindigar soji, doguwa mai jikin itace, wadda ke da wani ɗan hannu ga gefenta: a ɗaga shi, a ja baya, a tura gaba, a kwantar, kamar mai saka sakatar ƙofa. Don haka za mu kira ta mai sakata. Duk jan da anka yi, kwanson da anka harba ya fita, sabon harsashi ya shiga. Sojojin duniya sun daɗe da aje ta. Amma a Amurka da Faransa da Beljik akwai mutane da yawa waɗanda ba su da abin sha'awa kamar su saye ta, su goge, su jera ga bango, ranar hutu su tafi fili su yi ta harbin takarda. Gare su kayan tarihi ce, kamar tsohon kuɗi. Mu kuwa da ita anka ci ƙasarmu, kuma ita anka ɗora ma kakanninmu ga kafaɗa anka kai su yaƙin da ba nasu ba.

Kada wani ya ce Nasara ya kawo bindiga ƙasar Hausa. Tun kafin zuwansa ayarin Tarabulus na kawo ta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta har 1884, ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara ƴan bindiga, maƙeransa sunka zuba igwa a cikin birnin, ana kuma haɗa albarushi nan gida. Sai dai bindigar lokacin ta toka ce, irin wadda maharba ke riƙewa har yau. Sai mutum ya miƙe tsaye, ya zuba albarushi ta baki, ya sa tsumma ya danna da sanda, ya sa dalma ya sake dannawa, sannan ya gyara ƙyastu. In ya harba hayaƙi ya rufe masa ido, kuma in abin harbin ya wuce taki 100 samunsa sai sa'a. In ruwa ya sauka, ta koma kulki. Ba banza ba anka yi mata suna harba-ka-ruga. Maharbin kibiya mai hannu yana sakin kibau da dama kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri na biyu, shi ya sa har ƙarshen zamanin nan doki da mashi da baka ba su rasa darajarsu ba.

A Turai ne abin ya canza, cikin shekaru kamar 45. A 1841 sojin Prusiya, wato wani yanki na Jamus ta yau, sunka karɓi bindigar Dreyse wadda ake ɗura ma harsashi ta baya, da sakata. Faransa ta yi tata, Chassepot, a 1866, amma harsashinta na takarda ne. Bayan Jamusawa sun kada su a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai wani hafsa mai suna Basile Gras ya gyara ta, ya sa mata harsashi mai kwanson tagulla, faɗin bakinta milimita 11. Ita ce Gras ta 1874. Harsashi guda take ci, amma soji yana kwance rub da ciki zai ɗura ta, ruwa bai hana ta tashi, kuma cikin bututunta akwai tsagi mai murɗiya wanda ke sa dalma ta fita tana juyawa, ta tafi sak.

Shekara 10 bayan haka, a 1884, wani masanin haɗa magunguna, Paul Vieille, ya gano albarushin da ba ya hayaƙi, wanda kuma ya fi na toka ƙarfi nesa ba kusa ba. Nan da nan anka ƙera masa bindiga, Lebel ta 1886, wadda anka sa ma sunan Kanal Nicolas Lebel. Bakinta milimita 8, tsawonta mita 1 da santimita 30, nauyinta ya ɗara kilo 4, kuma ƙarƙashin bututunta akwai wani bututu na biyu inda harsashi 8 ke jere, wani bayan wani. Harsashinta na gudun fiye da mita 600 cikin daƙiƙa guda. Ku auna da kanku: ga mutum tsaye cikin hayaƙi yana danna sanda, ga wani kwance bayan geza, ba a ganin inda wutarsa ke fitowa, yana harbi 8 bai sa hannu ga jaka ba, kuma yana samun mahayi tun daga mita 400. Jarumtaka ba ta da abin da za ta yi da wannan lissafi.

Turawa sun san haka, don haka sunka rufe ƙofa. Ran 2 ga Yuli 1890 ƙasashensu sunka sa hannu ga wata yarjejeniya a babban birnin Beljik, da sunan hana cinikin bayi. Cikinta anka hana sayar ma mutanen Afirka bindigogin zamani, tun daga tsakiyar Sahara har can kudu, ƙasarmu na ciki. Abin da anka bar mana shi ne bindigar ƙyastu da albarushin toka. Waɗanda sunka samu hanyar kauce ma dokar sun ba Nasara wuya. Samori Ture ya saye bindigogin zamani ta hanyar Saliyo, maƙeransa har sunka koyi ƙera irin Gras da hannu, ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransawa kafin su kama shi a 1898. Habasha kuwa, da ta samu damar sayen makamai a fili, ta tara bindigogi dubun dubata, Gras na cikinsu, ta karya Italiyawa a Adwa ran 1 ga Maris 1896, ta tsira da ƙasarta. Can har harsashin Gras ya zama kuɗin canji a kasuwa.

Mu namu rabon ya zo a 1899. Ayarin Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara a farkon shekarar, ya nufi tafkin Cadi. Turawan cikinsa ba su kai 10 ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojojin da ake kira tirayar, da ƴan sa-kai ɗaruruwa da anka ɗebo daga yamma, da ƴan dako da anka kamo da tilas. A shekarun nan Gras ce bindigar da anka fi ba baƙaƙen sojojin Faransa, masu cin harsashi da yawa kuwa sun fara shiga hannunsu. Ran 16 ga Afrilu sunka auka ma Lugu, garin Sarauniya Mangu, cikin Arewa. Mutanen Lugu da baka da kibiya sunka tare su, sunka janye cikin kurmi inda bindiga ba ta ganin nesa. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an ji ma 6 rauni, kuma sun ƙone harsashi wajen 7,000. Wannan adadi ya isa a tsaya a kansa. Mai sakata ba ta da amfani sai da harsashi, harsashi kuwa ɗan adam ke ɗauke da shi bisa kai tun daga inda jirgi ya sauke shi. Duk sanduƙin da anka fasa a Lugu, wuyan wani talaka ya kawo shi.

A watan Mayu sunka shiga Birnin Ƙwanni sunka yi kisan da har yau ba a manta ba, sunka bi garuruwa suna ƙonewa har ƙasar Tasawa. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, anka turo Kanal Klobb ya karɓe ayarin. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa sojojinsa sunka buɗe masa wuta, ya faɗi. Ba a yi kwana 4 ba sojojin nan sunka juya bakin bindigogin ga masu ba su oda: Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Kabarinsu na Maijirgi. Amma ayarin bai watse ba. Hafsoshin da sunka rage sunka ci gaba, sunka haɗu da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini ƙarshen Yuli, dawaki da ƴan bindigar toka sunka kasa kusantar layin masu sakata, birnin ya faɗi. A watan Satumba anka kashe Sarki Amadu. Shekara na zagayowa, ran 22 ga Afrilu 1900, anka kashe Rabe a Kusiri.

A ƙasar nan ma Faransawa sun gamu da irin makaminsu hannun abokin gaba. A Disamba 1916 Kawusan ya sauko daga Fezzan da bindigogin zamani da igwa, waɗanda anka ƙwace daga Italiyawa can Libiya, ya haɗa kai da Sarkin Abzin Tagama, sunka tsare sojojin Faransa cikin barikinsu na Agadas. Sai ran 3 ga Maris 1917 gudummawa ta iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya na ramuwa ya yi muni, har malamai anka kashe cikin Agadas. Ku riƙe sunan bindigar sojin Italiya ta lokacin, Carcano ta 1891, mai cin harsashi 6, don za mu sake gamuwa da ita a wani wuri da ba ku zata ba.

Da ƙasa ta ciwu, sai anka juyo ga ƴaƴanta. Lebel na da aibi guda: ɗura harsashi 8 ɗaya bayan ɗaya cikin bututu na cin lokaci. Wani injiniyan reluwe a Aljeriya mai suna Berthier ya fito da dabarar haɗa harsashi 3 cikin wani ɗan ƙarfe, a danna su gaba ɗaya ta sama. An fara yin gajerunta a 1890 da 1892 don mahaya da ƴan igwa, su ne Faransawa ke kira mousqueton. A 1907 anka yi doguwa musamman don sojojin Afirka ta Yamma, har sunanta a takardun soji bindigar tirayar Sanagal. Tirayar Sanagal kuwa suna ne kawai ya bi su tun da Faidherbe ya kafa rundunar a 1857; cikinsu akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Da yaƙin 1914 ya ɓarke, Lebel ta kasa isar jama'a, sai Faransa ta ɗauki bindigar nan da anka yi ma baƙaƙe, ta ɗan gyara ta a 1915, ta raba ma ƴaƴanta. Amma harsashi 3 ne gaban Mauser ta Jamus mai cin 5, sai a 1916 anka ƙara mata zuwa 5.

Wajen mutum 200,000 anka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918, kamar 30,000 ba su komo ba. Yadda ake ɗibar, tsofaffi sun sha ba mu labari: kumandan ya yanka ma sarki adadi, sarki ya yanka ma mai gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba anka tsayar da shi cikin laka a Chemin des Dames a watan Afrilu 1917, yatsu sun daskare har ba su iya jan sakata. Gajerar Berthier kuwa ta zauna nan gida, rataye ga kafaɗar gardi da gumiye. Ita talaka ya fi sani, don ita ke rako takardar lanho da ta aikin tilas. Ba sai an harba ta ba, a jingina ta ga bangon zauren mai gari ya isa.

Ta ƙarshe cikin zuri'ar ita ce MAS 36, wadda anka ƙera a Saint-Étienne, soji sunka karɓe ta a 1936. Gajera ce, nauyinta kilo 3 da gram 700, bakinta milimita 7.5, tana cin 5, hannun sakatarta a lanƙwashe gaba, wuƙarta kuwa wani tsinke ne da ake ɓoyewa cikin bututu ƙarƙashin baki. Kamar Lebel da Berthier, ba ta da makullin hana tashi. Horon sojin Faransa shi ne kada a sa harsashi a ɗaki sai an ba da oda. Tsoffin sojinmu na yaƙin Hitila da na Indoshin da na Aljeriya sun san ta kamar tafin hannunsu. Shugaba Seyni Kountché kansa ya yi Indoshin da Aljeriya cikin sojin Faransa. Ladan da wasu sunka samu kuma an san shi: ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, anka buɗe wuta ga tirayar da sunka komo daga bursunan Jamus suna biɗar kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35, masana tarihi sun ce ɗaruruwa ne, kuma sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne. Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, MAS 36 na cikin kayan da Faransa ta bar ma sababbin rundunonin ƙasashenmu. Waɗanda sunka yi bida a Kano ko Kaduna kuwa sun ga ƴar uwarta ta Ingila, Lee-Enfield mai cin 10, hannun soja da ɗan sanda.

To, yaya kayan yaƙi sunka koma kayan kasuwa? Bayan 1945 rundunoni sunka koma ga bindigogi masu ɗura kansu, masu sakata miliyoyi sunka cika ma'ajiya. Ƴan kasuwar Amurka sunka riƙa sayensu jirgi-jirgi kamar tsohon ƙarfe, suna talla cikin jarida, mutum ya aika kuɗi ta gidan waya a kawo masa har ƙofa. Haka Lee Harvey Oswald ya saye Carcano, ƙirar Italiya ta 1940, dalar Amurka 19 da santi 95 har da madubin hange, ya harbe shugaba Kennedy da ita a Dallas ran 22 ga Nuwamba 1963. A 1968 Amurka ta yi dokar da ta hana irin wannan ciniki ta wasiƙa, ta kuma hana shigo da tsoffin bindigogin soji. A 1984 anka sassauta ma waɗanda ake lissafawa kayan tarihi, kuma duk wadda ta shekara 50 ta shiga wannan lissafi. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991 sai ma'ajiyoyin gabas sunka buɗe. Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891, wadda anka yi fiye da miliyan 30, ta yi shekaru ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Faransa ma ta fid da nata MAS 36, waɗanda anka gyara anka aje cikin maiƙo, sunka isa hannun masu saye kamar sababbi. Yanzu ma'ajiyoyin sun yi ƙasa, kuɗin ya hau.

Gaskiya masu wannan sha'awa sun san aikinsu, kuma akwai abin koyi ga yadda suke karanta ƙarfe. Mutum zai ɗauki Berthier ya duba gefenta ya gaya maka inda anka ƙera ta, Châtellerault ko Saint-Étienne ko Tulle, ya duba gindin bututu ya gaya maka shekara. Zai gwada lambar da ke ga sakata da ta bututu da ta itace. In sun zo ɗaya kuɗinta ya ƙaru, in wani ya yanke itacen ko ya shafa mata fenti don ta yi kyau, darajarta ta faɗi. Zai nemi harafin N, wanda ke nuna an gyara ta don harsashin da anka fito da shi a 1932, don wadda ba ta da harafin ba a sa mata wannan harsashi. Ya san tsohon harsashin soji na barin gishiri cikin bututu, in ba a wanke da ruwan zafi a ranar ba tsatsa ta cinye shi. Tun da Faransa ta daina yin harsashin Lebel, wata masana'anta a Sabiya, Prvi Partizan, ke yi musu sabo. Suna da gasa: a Faransa ƙungiyar harbi ta ƙasa na shirya harbin mita 200 da tsoffin bindigogin soji, a Amurka ana yi a Camp Perry cikin jihar Ohayo, a kwance da a tsaye, ba a yarda a canza ma bindiga kome ba. Tun 2013 dokar Faransa ta mai da yawancin bindigogin da ƙirarsu ta girmi 1900 kayan tarihi, baligi na iya saye.

Bindigar tirayar ta 1907 na cikin waɗanda suke nema ido rufe, don kaɗan anka yi, kuma yawancinsu sun ƙare a laka da rana. Sai dai duk ƙwarewar mai tarawa, iyakar abin da ƙarfe zai gaya masa shi ne gidan ƙira da shekara da lamba. Ba a buga sunan wanda ya ɗauke ta, ko garin da anka kamo shi, ko in ya komo. Wannan rabin labarin yana gidajenmu, cikin adaka da tsohuwar jakar fata: ɗan littafin soji mai lambar mutum da bataliyarsa da wuraren da anka kai shi, da lambobin yabo, da katin fansho. Takardun nan sun yi amfani ba da daɗewa ba. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, Bafaranshe na ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da abokin raminsa na Tawa ko Maraɗi ke ɗauka, kuma sai bayan hukuncin kotun tsarin mulkinsu na Mayu 2010 anka daidaita, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ke da irin takardun nan a gida ya raba su da gara da ɗigon ɗaki, kuma in mai su ko matarsa na da rai, a sa ɗan lakwal ya zauna ya rubuta abin da za su faɗi.

Ita bindigar kanta kuwa, hukuncinta a nan ba irin na Turai ba ne. A Nijar bindigar yaƙi bindigar yaƙi ce ko ta shekara 100, riƙe ta ba da izini ba laifi ne. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, kuma ran 25 ga Satumba 2000 an ƙone makamai fiye da 1,000 a Agadas gaban jama'a, a bikin Wutar Zaman Lafiya. In ana rushe tsohon ɗaki ko ana gyaran rumbu anka ci karo da mai sakata, ko da harsasai da sunka yi kore don daɗewa, kada a ba maƙeri ya gwada, kada a jefa cikin wuta, kada a bar yara su fasa kwanso don neman albarushi. Harsashin da ya shekara 80 na iya tashi, kuma wani lokaci ba ya tashi nan take sai bayan an ja kunama an sauke bindigar daga kafaɗa. A bar abin inda yake, a gaya ma mai gari, shi kuma ya sanar da jandarma.